Daga Ina Aka Fara Ƙirga?

Kwanan wata yarjejeniya ce kan inda za a fara ƙirga, kuma ƙasar Zuru ta daɗe da sanin haka. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da damina suke lissafi. Saurayin da ya shiga golmo yakan yi wa surukansa noma na shekara bakwai, ba takarda ba alƙalami; damina ce shaida, bikin Uhola kuma shi ke nuna an kai amfanin bana gida. Malamai suka zo da lissafin Hijira mai kwana 354, Turawan mulki suka ɗora na miladiyya don haraji da ɗaukar soja, aikin da Zuru ta yi suna a kansa. Sai mutum guda ya zama yana da amsa uku idan an tambayi shekarunsa, ba tare da ya yi ƙarya ba, tun da shekara 33 ta Hijira kusan 32 ce a miladiyya.

Wani zai ce tsohon zance ne, kwamfuta ta raba gardama. Ina! Ita ma gadon rigimar ta ci. Manhajar Excel ba ta san wata ko shekara ba, kwanaki kawai take ƙirgawa. A Windows tana farawa daga 1 ga Janairun 1900, ta kuma kwaso kuskuren manhajar Lotus 1-2-3 da ya ba Fabrairun shekarar kwana 29. A Macintosh aka tsallake kuskuren, aka fara daga 1904. Tazarar kwana 1,462 ce. In akawu ya kwafi jadawali daga lissafin farko zuwa na biyu, sai 27 ga Agustan 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, ta koma 28 ga Agustan 1995: aikin Babangida ya zama na Abacha.

Gaskiya ne tun daga Excel 2011 sabon fayil a Mac da 1900 yake farawa, amma tsofaffin fayiloli suna nan da nasu lissafin. Ga kuma tsarin Amurka mai sa wata gaban rana, inda 3/4 ɗinmu ke komawa 4 ga Maris. Dattijon golmo ya fi jadawalin nan da abu ɗaya: in ka tambaye shi, zai faɗa maka daminar da ya fara ƙirga.