Sauyin yanayi da sinadaran tsirrai a ƙasar Damagaram

Sauyin yanayi da sinadaran tsirrai a ƙasar Damagaram batu ne da ya shafi yadda zafi, fari da ƙaruwar iskar kabon ke canza abin da gero, dawa, wake da gyaɗa ke samu daga ƙasa a jihar Zinder ta Nijar, har da ƙaramar hukumar Dogo da ke gundumar Mirya. Gonakin yankin galibi jigawa ne, masu ƙarancin nitrojin da fosforas. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi masu yawa, taki ya yi ƙaranci, iska kuma ta riƙa kwashe saman ƙasa.

Tun daga shekarun 1980 manoman Mirya, Magarya da Matamaye suka koma barin tohon gawo yana girma a gona, dabarar da ake kira sassaben zamani. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne shuka. Saiwarsa tana tara nitrojin, dabbobin da ke cin ƴaƴansa da rani kuma suna barin taki a gindinsa.

Game da iskar kabon kuwa, a 2014 mujallar Nature ta wallafa binciken da ya nuna yawan iskar kabon na rage zinki da ƙarfe a alkama, shinkafa da waken suya. Illar ba ta kai haka ba a dawa da masara.