DAGA ƊAKIN GWAJI ZUWA FADAMAR HAƊEJA: TARIHIN GANO LINZAMIN ƘWAYOYIN GADO

1.0 Gabatarwa

Manomin shinkafa a ƙasar Kaugama da sauran garuruwan da ke bakin Kogin Haɗeja ya san cewa ruwan da ke raya shuka shi ne kuma ke kashe ta. Ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022 sun shanye gonaki masu ɗimbin yawa a Jihar Jigawa. A wannan maƙala za mu bi diddigin wani fannin ilmi da aka fara nesa da fadama, wato binciken furotin ɗin da ke riƙe da linzamin ƙwayoyin gado, mu ga yadda ya iso gare mu, da kuma iyakar abin da zai iya yi mana.

2.0 Mafarin Al'amari

Kusan kowane tantani na jikin mai rai yana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, waɗanda ke jere a kan zaren DNA. To, me ya sa saiwa ta bambanta da ganye? Amsar farko ta fito daga Faransa a 1961, inda François Jacob da Jacques Monod suka nuna cewa a jikin bakteriya akwai furotin da ke hawa kan DNA ya hana wata ƙwayar gado aiki, sai an bukace ta.

A 1981 Walter Schaffner da abokan aikinsa a Zurich suka gano wani guntun DNA a jikin SV40, wata ƙwayar cuta ta birai, wanda ke ninka aikin ƙwayar gado ko da yana nesa da ita, a gabanta ko a bayanta. Za mu kira shi mazugi, domin aikinsa ya yi kama da na zugazugin maƙeri. Sai dai zugazugi ba ya hura wuta sai da hannu. Hannun nan shi ne furotin mai linzami, kuma nemansa ya zama babban aikin masana a shekarun da suka biyo baya.

Wahalar ita ce, irin wannan furotin ɗan kaɗan ne ƙwarai a cikin tantani. A 1986 James Kadonaga da Robert Tjian a Kalifoniya suka yi dabarar kafa masa tarko da guntun DNA ɗin da yake so, suka tace furotin mai suna Sp1, sa'an nan a 1987 suka ware ƙwayar gadon da ke samar da shi, suka yawaita ta a cikin bakteriya. Har wa yau a 1986 Ranjan Sen da David Baltimore suka gano NF-kB, wanda ke hawa mazugin wata ƙwayar gado ta garkuwar jiki, aka kuma ware tasa ƙwayar a 1990.

3.0 Daga Dabba Zuwa Shinkafa

Masana tsirrai ba su zauna ba. A 1995 wasu masana biyu a Jafan, Ohme-Takagi da Shinshi, suka ware daga ganyen taba wani dangin furotin mai linzami da ke amsa kiran etilin, wata iska da shuka ke fitarwa, wadda kan taru a jikinta idan ruwa ya rufe ta. Dangin nan shi ake kira ERF.

A ɗaya ɓangaren kuwa, an daɗe da sanin wata shinkafar gargajiya ta Orissa a Indiya, mai lamba FR13A, wadda ke jure nutsewa amma ba ta da yabanya. A 1996 Kenong Xu da David Mackill suka gano sashen DNA da juriyar take. Sai bayan shekara goma, a 2006, tare da Pamela Ronald da Julia Bailey-Serres, aka tabbatar da ƙwayar kanta, aka sa mata suna SUB1A. Ashe furotin mai linzami take samarwa, daga dangin ERF.

Aikinta kuwa haƙuri ne. Shinkafar da ruwa ya rufe takan yi ta miƙewa don ta kai ga iska, har abincin da ta tara ya ƙare, ta mutu. SUB1A na ja mata linzami, ta kwanta shiru har kimanin mako biyu, in ruwa ya janye ta farfaɗo. A 2009 masana a Nagoya suka gano wasu ƙwayoyi biyu na wannan dangin, SNORKEL1 da SNORKEL2, masu yin akasin haka, wato su sa shinkafar ruwa mai zurfi ta riƙa tsawo tana bin ruwa.

4.0 Isowarsa Nijeriya

Da aka san ƙwayar, sai aka shigar da ita cikin iri masu yabanya ta hanyar barbara, ana duba alamarta a DNA na kowane tsiro. Indiya ta fitar da Swarna-Sub1 a 2009. A Nijeriya kuwa, cibiyar AfricaRice da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi suka kai ga fitar da FARO 66 da FARO 67 a 2017. Daga gano mazugi zuwa wannan rana shekara 36 ke nan.

5.0 Kammalawa

Wajibi ne mu faɗi iyakar wannan nasara. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har ruwa kan kwanta a gona fiye da mako biyu. A irin wannan gona haƙurin SUB1A ba zai kai shuka ga girbi ba. Saboda haka muna ganin aiki biyu ke gabanmu. Na farko, a auna tsawon kwanciyar ruwa a kowace fadama kafin a ce wa manomi ga irin da zai shuka. Na biyu, jami'o'inmu su tattara irin shinkafar gargajiya da ya rage a hannun manoman ƙasar Haɗeja su bincike shi, domin FR13A ma a gonar talaka aka samo ta.