Madannin da ake naushi: yadda wasan faɗa ya samu madannai shida

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban akwatin wasan faɗa irin na jefa sulalla, ko ya gan shi a bidiyo, ya san tsarin allonsa: sanda a hannun hagu, madannai shida a dama, uku a sama na naushi, uku a ƙasa na shuri. Tsarin ya zauna daram har ana ganin kamar da shi aka haifi wasan, alhali waɗanda suka ƙirƙiro shi ba shi suka fara fito da shi ba. Madannai biyu suka so, manya, waɗanda ke jin ƙarfin hannun mai wasa.

Madannin akwatin wasa na yau da kullum ba shi da wani sirri. A ƙarƙashin murfin robar akwai ɗan makunni da sifirin, kamar makunnin fitila na jikin bango. Ko a kunne yake ko a kashe. In ka shafa shi da ɗan yatsa ya taɓa, in ka dake shi da dunƙulallen hannu ya taɓa, saƙo ɗaya ne ke isa ga injin. A wasan harbin jiragen sama wannan ya wadatar. A wasan dambe kuwa akwai giɓi, domin kowa ya san naushin gwaji daban, naushin kisa daban.

Wanda ya yi niyyar cike giɓin shi ne Takashi Nishiyama, mutumin Japan da ya yi wasan Kung-Fu Master a kamfanin Irem a 1984, kafin ya koma Capcom da ke birnin Osaka. Shi da abokin aikinsa Hiroshi Matsumoto suka fitar da Street Fighter na farko a 1987. Mai wasa yana riƙe da Ryu, ya kara da mutum goma daga ƙasashe biyar, wato Japan, Amurka, Sin, Ingila da Tailan, inda Sagat ke jiransa a ƙarshe. Babban akwatin wasan ya zo da sanda da faya-fayan roba guda biyu masu tudu, ɗaya na naushi, ɗaya na shuri. Waɗannan dukansu ake yi. A ƙarƙashin kowane akwai iska a kulle. In hannu ya sauka, iskar ta matsu ta bi ta tiyo zuwa na'urar da ke auna matsin, ita kuma ta shaida wa injin ko dukan mai sauƙi ne, ko matsakaici, ko mai ƙarfi.

A takarda dabara ce mai kyau, kuma ba mu ga laifin wanda ya burge ba. A ɗakin wasa ne ta gamu da 'yan Adam. Mutum in aka ce masa ƙarfin dukansa shi ne ƙarfin dukan gwarzonsa, ba ya ƙara yin duka mai sauƙi. Matasa suka riƙa jibgar robar iya ƙarfinsu, hannuwa suka yi ciwo, injuna suka riƙa lalacewa. Ga kuma gajiya: wanda ya yi zagaye biyu ko uku yana haki ba zai sake jefa kuɗi ba sai ya huta. Mai ɗakin wasa shi ne ainihin mai sayen akwatin daga kamfani, kuma lissafinsa a fili yake. Akwatin da ke kwance yana jiran mai gyara ba ya kawo yen 100 ko senti 25 na kowane wasa, ga shi ya tare wuri.

Matsala ta uku ita ce ta fi jan hankalinmu, domin ita ce ba a iya gyarawa da roba mai ƙwari. Ryu yana da dabaru na musamman, irin su Hadoken da Shoryuken, waɗanda sai an juya sanda ta wata hanya sannan a buga madanni a daidai lokacin. Hannun da aka ɗaga sama don ya sauko da ƙarfi ya riga ya makara. Kuma ko gwani ba shi da tabbacin cewa dukan da ya nufa matsakaici ba zai fito mai ƙarfi ba. Wanda aka kayar yana so ya san abokin karawarsa ne ya fi shi. In yana zargin robar ce ta ci amanarsa, ba zai dawo ba.

Capcom ta fitar da wani akwatin mai madannai na yau da kullum, kuma lissafin mai sauƙi ne: iri biyu na hari, kowane da mataki uku, shida ke nan. A lura da abin da wannan ke nunawa. Tun a akwatin farko, duk da na'urar tana jin matsi kowane iri, wasan kansa matakai uku kawai ya sani. Saboda haka da aka raba su a madannai shida, wasan bai rasa hari ko ɗaya ba. Abin da ya ragu shi ne zufa da kumburin hannu. Wannan akwatin ya ninka na robar ciniki sau da yawa.

Da Street Fighter II ya fito a 1991, Nishiyama da Matsumoto sun riga sun koma kamfanin SNK, amma sabuwar tawagar ta riƙe madannai shidan. Nasarar wasan ta tilasta wa sauran masana'antar bin sahu. Ƙa'idar haɗa wayoyin akwatin wasa da ake kira JAMMA madannai uku ta tanadar wa kowane ɗan wasa, don haka sai da aka riƙa jawo ƙarin waya ta daban domin madannan shuri. Kamfanin Sega, wanda hannun na'urarsa ta Mega Drive ke da manyan madannai uku, ya fito da mai shida a 1993.

Naushi na gaske bai bar ɗakunan wasa ba, ya dai koma injin gwada ƙarfi. Taito ta fitar da Sonic Blast Man a 1990, inda ake sa safar dambe a naushi wani matashi. A Amurka an janye injunan a 1995 bayan rahotannin raunuka, daga baya kamfanin ya biya tarar dala 50,000 saboda ƙin sanar da hukuma.

Daga nan dabarar ta koma na'urorin gida, kuma a nan ne ta biyo ta hannunmu ba mu sani ba. Namco ta yi wani hannu mai suna neGcon don wasannin tsere a PlayStation na farko, mai madannai da ke auna zurfin danni. Sai Sony ta fitar da PlayStation 2 a shekarar 2000 da hannun DualShock 2, wanda kusan duk madannansa ke auna matsi daga 0 zuwa 255. Babu iska a ciki. Wata 'yar roba ce mai ɗaukar lantarki, wadda ke ƙara bajewa in an ƙara matsa ta, wutar da ke wucewa ta ƙaru. Wannan shi ne hannun da ya cika gidajen gem a Kano da Kaduna da Zariya shekara da shekaru. Sai dai ƙwallo muka fi bugawa, kuma a Winning Eleven tsawon lokacin da ka riƙe madanni ne ke cika ma'aunin ƙarfin shot, ba nauyin yatsa ba. Wannan bai hana kowa matse madannin kamar zai huda shi ba, masu gidajen gem shaida ne.

Wasannin da suka yi amfani da matsin da gaske kaɗan ne. A Gran Turismo 3 madannin yana aikin totur. A Metal Gear Solid 2 kana iya ɗaga bindiga, sannan ka saki madannin a hankali ka sauke ta ba tare da harbi ba. A Metal Gear Solid 3 na 2004, danni mai sauƙi yana shaƙe mai gadi don a yi masa tambayoyi, danni mai ƙarfi yana yanka shi, kuma masu wasa da yawa sun kashe wanda suka so su tambaya. Matsalar 1987 ce ta dawo a ƙaramin jiki. Capcom ma ta sake gwadawa a 2002 a Capcom vs. SNK 2 EO na GameCube, inda zurfin matsa kunamar hagu da ta dama ke zaɓar ƙarfin hari, amma a matsayin sauƙi ga sababbin shiga.

Microsoft ta sa irin waɗannan madannai a Xbox na farko, ta cire su a Xbox 360 a 2005. Sony ta riƙe su har PlayStation 3, ta cire a 2013 da fitowar PlayStation 4. Abin da ya tsira a duka biyun shi ne kunamar baya, kuma a ganinmu dalilin a bayyane yake. Kunama tana da doguwar tafiya, yatsa yana jin inda ya kai, kamar ƙafar direba a kan totur ko hammatar makaɗi a kan tsarkiyar kalangu. Gudun mota abu ne da ke ƙaruwa sannu a hankali, don haka ya dace da ma'auni. Zaɓi tsakanin naushi uku yanke shawara ne, cikin wasan da ke lissafa lokaci da kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa.

A yau fasahar aunawa ta fi ta da nesa ba kusa ba. Akwai allunan rubutu na kwamfuta, irin na kamfanin Wooting na ƙasar Holan, masu ɗan maganaɗisu a ƙarƙashin kowane madanni, da na'urar da ke auna kusancinsa ba tare da wani abu ya gogi wani ba. Masu haɗa allon wasa da hannunsu suna sha'awar irin wannan, tunda babu tiyon da zai fashe. Amma akasarin 'yan gasa da suka saye su suna amfani da ma'aunin ne don su zaɓi daidai zurfin da madanni zai kunna da inda zai kashe, wato don su samu makunni mafi sauri.

Asarar ta faɗa kan tsofaffin wasannin. Da aka sake fitar da Metal Gear Solid 2 da 3 a Xbox 360 a 2011, sai da aka sauya tsarin madannansu saboda hannun ba ya jin matsi. Street Fighter na 1987 kuwa yana cikin kundin cika shekara talatin da Capcom ta fitar a 2018, kuma da madannai shida ake buga shi.