Haruffan Hausa da Tsofaffin Na'urori a Ƙasar Arewa

Da kyar Hausa ta samu shiga kwamfuta. Kafin Unicode ya bazu, masu buga littattafan yaƙi da jahilci a Nijar sai sun nemi haruffa na musamman don ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kuma da zarar an buɗe rubutun a wata na'ura, lanƙwasar ta ɓace. Unicode ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa, ya kuma karɓu domin bai rushe tsohon tsarin ASCII ba.

Wannan darasi na rashin rushe tsohon tsari ne masu manhaja ke mantawa. A 2020 harshen rubuta manhaja na Python 3.9 ya bar Windows 7, a 2023 WhatsApp ya bar wayoyin da ba su kai Android 5.0 ba. A Dogon Kiriya da Tibiri, inda manomi ke lallaɓa wayar hannu-biyu shekara da shekaru, wannan rufe ƙofa ne. Za a ce tsohon tsari na da kafofin da ɓarayi ke bi, kula da shi kuma akwai tsada. Gaskiya ne, amma maganinsa shi ne dogon wa'adi da sigar manhaja marar nauyi, domin talaka ya samu lokacin sauya na'ura.