Mutanen Gimi

Mu da iyayenmu suka zo noman rani a Kadawa bayan an gama madatsar Tiga a 1974, mukan ɗauka su ne masu bi na farko da suka sari daji a wannan yanki. To, akwai waɗanda suka riga su, wato mutanen Gimi, can kan hanyar jirgin ƙasa tsakanin Kano da Zariya.

Asalinsu Isawa ne, mabiyan Malam Ibrahim wanda aka kashe a kasuwar Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa. Almajiransa suka warwatsu. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka iske Likita Miller a birnin Zariya, suka ji bishara, suka karɓa. Aka samar musu fili a Gimi, suka share daji, suka kafa gidaje da majami'a da makaranta. Makiyayinsu Rabaran Thompson ne, baƙar fata daga tsibiran West Indies, shi ne kuma ya koya musu matse rake su dafa mazarƙwaila.

Sai tsando ya kawo ciwon barci. Abin da tsanani bai iya yi wa kakanninsu ba, ƙuda ya yi. Cikin 'yan shekaru kaburbura suka yawaita, gari ya watse. Waɗanda suka tsira suka koma wurin mishan a Zariya. Da aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa a 1929, da su aka tafi, aka sake saran daji, aka gina majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa.