Makirufon manne: yadda ake ɗaga sautin gurmi, goge da jita a filin taro

Makirufon manne ƙaramar na'ura ce da ake liƙawa a jikin abin kiɗa domin ta ɗauki girgizar jikinsa kai tsaye, ta mayar da ita lantarki, a tura wa amfilifaya da lasifika. Bambancinsa da makirufon da aka saba gani a hannun mai jawabi shi ne, wancan iska yake sauraro, saboda haka duk abin da ya ratsa iskar sai ya kwasa: kirarin maroƙi, guɗar mata, rurin janareta. Wannan kuwa abin da ya taɓa jikinsa shi ya fi ji. Masu sayar da kayan sauti sukan kira shi fikof ko fiyezo.

Batun ya wuce na masu gyaran rediyo. A mazaɓar Kebbe da Tambuwal, wadda Aminu Waziri Tambuwal ya wakilta a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, kamar sauran sassan ƙasar Sakkwato, ba a raba taron jama'a da kiɗa, na biki ne ko na naɗin sarauta ko na gangamin siyasa. Amma da aka fara jera manyan lasifikoki a fili, sai kayan kiɗa suka rabu gida biyu. Kalangu da kotso da taushi, waɗanda makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo suka yi suna da wasu daga cikinsu, ganguna ne masu amo, suna iya kare kansu. Kayan tsirkiya kuwa, gurmi da molo da garaya da kukuma, an gina su ne don zaure da ƙofar gida. A filin da aka kunna waƙar situdiyo ta fiyano, mai gurmi zai yi ta motsa yatsu ba wanda ya ji shi, kuma makaɗin da ba a ji ba, ba a yi masa liƙi, ba a kuma sake gayyatarsa.

Yadda yake aiki

A 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da in an matsa su sukan fitar da lantarki. A kan wannan aka gina na'urar. Wadda ta fi yawa a kasuwa faifai ce ta tagulla mai siriri, faɗinta milimita 20 ko 27 ko 35, an shafa mata farin abu mai kama da tangaran a tsakiya, da wayoyi biyu. Irinta ce ke yin ƙara a cikin agogon ƙararrawa da wasu kayan wasan yara. Idan jikin gurmi ya girgiza, faifan ya lanƙwasa kaɗan, sai lantarki ya fito daidai da girgizar. Ba ya buƙatar batir kafin ya yi wannan.

Me ya sa ba za a yi amfani da irin fikof ɗin jitar lantarki ba? Domin shi da maganaɗisu yake aiki, sai tsirkiyar ƙarfe yake ji. Tsirkiyar goge da kukuma izgar doki ce, makaɗan gurmi da molo da yawa kuma zaren roba irin na masunta suke ɗaurawa. Maganaɗisu ba ruwansa da ko ɗaya. A Kinshasa, Mingiedi Mawangu, wanda ya kafa ƙungiyar Konono N°1, ya ɗaga sautin likembe da maganaɗisun da ya ciro daga tsofaffin kayan mota, har kundinsu Congotronics ya zagaya duniya, amma dabarar ta yi aiki ne don haƙoran likembe ƙarfe ne. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Bassekou Kouyaté na Mali, wanda ya haɗa ngoni, ɗan'uwan molo, da amfilifaya ya hau da shi manyan dandamali.

Inda aka fi yin kuskure

Mafi yawan masu gwada na'urar sukan sayo faifan, su haɗa shi kai tsaye da mikisa, su ji sauti siriri mai tsini kamar ana kaɗa gwangwani, sai su yanke hukuncin cewa kayan jabu ne. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, mashigar da aka cusa shi ce ba ta dace da shi ba.

Kowace mashigar sauti tana da abin da masana ke kira turjiya, ana auna ta da om. Faifan fiyezo yana son mashiga mai turjiya sosai, om miliyan 1 ko fiye. Mashigar layi ta mikisa kuwa yawanci wajen om 10,000 ce, ta makirufo ma ba ta kai haka ba. Lissafin a fili yake. Faifai mai milimita 27 da aka haɗa da om 10,000 yakan fara zubar da duk sautin da kaɗawarsa ta gaza kamar sau 800 a daƙiƙa guda. Tsirkiyar jita mafi kauri sau 82 take kaɗawa a daƙiƙa. Ma'ana, an yanke gindin sautin gaba ɗaya, an bar ƙarar yatsa da tsinin sama. Idan aka kai turjiyar om miliyan 1, iyakar takan sauko ƙasa da 10, wato ƙasa da abin da kunnen ɗan Adam ke ji, sautin ya fito da kaurinsa.

Maganin ɗan akwati ne da ake sa wa tsakanin faifai da mikisa, mai aiki da batir mai bolt 9, wanda ake kira firiyam. Ya kamata ya zauna kusa da makaɗi, a aljihu ko a ɗaure a ƙugu, domin wayar da ta fito daga faifai ba ta son tsawo: in ta wuce mita biyu ko uku takan kwaso gurnanin wutar lantarki, wanda a Nijeriya sau 50 yake kaɗawa a daƙiƙa. Daga akwatin zuwa mikisa a ja doguwar waya. Kuma wayar ta zama mai sulke, irin ta jita, ba wayar ƙwan fitila ba. A ganina, wanda kuɗinsa bai isa duka ba, gara ya sayi faifai mai araha da firiyam mai kyau, da ya yi akasin haka.

Wurin mannawa

Nan ne aikin yake buƙatar haƙuri, don matsar da faifai da faɗin yatsa guda kan canja sautin. A jita, ana farawa daga fuskar katako, kusa da inda tsirkiyoyi suka ɗauru, a riƙa matsawa ana sauraro. A gurmi da goge da kukuma, girgiza na bi ta ɗan itacen da tsirkiya ke hawa kansa ta sauka a fata. Manna faifai a kan fatar, dab da itacen, yana ba da sauti mai ƙarfi, sai dai nauyinsa kan danne fatar, musamman ta goge da ake yi da fatar guza. Mannawa a jikin ƙwarya ko katako kan ba da sauti mai sanyi, amma takan kwaso gogayyar riga da motsin hannu. Ƙaramin faifai ya fi dacewa da ƙaramin abin kiɗa. Kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, gwangwani ne da aka rufe da fata, babban faifai zai cinye fuskarsa.

Kada a yi amfani da gam mai kamawa nan take, domin ranar cirewa da fatar zai taho. Salatif mai fuska biyu ko ɗan kakin zuma sun isa. Sai dai zafin bazarar Sakkwato, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana sassauta su duka biyu, don haka a ɗaure wayar a wuyan abin kiɗan yadda ko an fizge ta ba za ta ɓamɓaro faifan ba. Da damina fata kan saki, da hunturu ta ɗaure, wurin da ya yi daɗi a Agusta ba lalle ya yi a Janairu ba.

Kukan lasifika

Makirufon manne ya fi na hannu jure wa wannan kuka mai huda kunne, amma bai tsira daga gare shi ba. Fatar gurmi ganga ce, in sautin lasifika ya doke ta sai ta girgiza, faifan ya ɗauka ya mayar wa lasifikar, abu ya yi ta zagayawa. Makaɗi ya tsaya a bayan layin lasifikoki, ba a gabansu ba. A jita akan toshe ramin tsakiya da murfin roba. Idan kukan ya taso, a rage sashen sautin da ke kukan a jikin mikisa maimakon a rage murya duka.

Akwai kuma iyakar da ta shafi lafiya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 don wuraren kiɗa ta sa matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 a cikin minti 15. Makaɗi da 'yan amshinsa, da yaran da ke cunkushewa a bakin lasifika, su ne farkon waɗanda abin ke cutarwa. Haka nan amfilifayar da aka haɗa da janareta ba tare da wayar ƙasa ba tana iya jan mutum ta jikin makirufo ko bakin waya.

Wa ke riƙe da mikisa

Dokar Zaɓe ta 2022 ta ba jam'iyyu damar fara yaƙin neman zaɓe kwana 150 kafin ranar ƙuri'a, su tsaya saura awa 24. Wannan ce kakar makaɗa da masu hayar kayan sauti, daga Dogon Daji da Sanyinna har Kuchi. A irin waɗannan taruka, wanda ya biya kuɗin hayar lasifika shi ke faɗin wa za a ɗaga, wa za a rage. Mai gurmi da ya zo hannu rabbana sai ya jira a miƙa masa makirufo ɗaya, ya raba tsakanin bakinsa da tsirkiyarsa. Wanda ya zo da faifansa da firiyam ɗinsa mashiga ɗaya kawai yake roƙo. In kuma yana da ƙaramar lasifika mai caji, irin wadda masu tallar magani ke yawo da ita ranar kasuwa, yana iya kafa nasa dandalin ba tare da jiran ɗan takara ba.

Dokar dai ta hana kalaman zagi da masu tunzura ƙabilanci ko addini a yaƙin neman zaɓe. Zambo da habaicin da a da suke ƙarewa a zaure, yanzu lasifika na kai su ƙarshen fili, wayoyin matasa kuma su ɗauka su watsa a WhatsApp da TikTok kafin a tashi taro.