Buɗin daji, da dajin da babu

Yawancin yaran da nake koyarwa a Tasawa ba su taɓa ganin barewa ba sai a littafi. Kakanninsu kuwa da shiri suke fita nemanta.

A da, a ƙasar Maraɗi ba a shiga farauta da ka. Sai an kai amfanin gona rumbu, an yi buɗin daji, sannan sarkin mahalba ya sa rana. Kafin ranar a dafa dafin kibiya, a tanadi guzuri da salkar ruwa, a san rijiyar da za a kwana, don wanda ya nufi arewa ya wuce Gulbin Kaba ƙishirwa yake tsoro fiye da dabba. Rabon nama ma da ƙa'ida: wanda ya fara harbi yana da kasonsa.

Bindiga da mota suka rushe wannan tsari, fari na shekarun 1970 ya ƙarasa. A waɗannan shekarun gwamnati ta hana farauta, dokar 29 ga Afrilu 1998 kuma ta shimfiɗa sharuɗɗan izini da kakar yinta. A ganina doka ta zo a makare, domin tsakanin Tasawa da Mayahi gonakin hatsi sun riga sun cinye daji.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga raƙumin dawa yau sai ya kai su Gadabeji, can arewa da Dakoro, gandun da aka keɓe tun 1955. Na farkonsu ma a mota aka kawo su daga Kure a 2018.